Abin da Na'ura Ta Kira Hutawa

Litinin, da hantsi

Auta tana gida tun ranar Juma'a. Daga asibiti nan mijinta ya kawo ta, ba gidansu ba, ban kuma tambayi dalili ba. Ta wuce ɗakin ƙarshen baranda, wanda muka mayar ma'ajiyar tsofaffin littattafaina bayan aurenta, ta saki labule. Ummansu ce kaɗai ke shiga.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Na ajiye alƙalami tun ranar da jami'a ta sallame ni da agogon bango da takardar godiya mai kuskure a layin farko. Amma yau Farfesa ya kira ni, kuma idan ban zuba abin da ke raina a takarda ba, a kan Umma zan zuba shi, ita kuwa tana da abin da ya ishe ta.

Farfesa shi ne shugaban binciken da Auta ke yi. Ɗalibina ne a da. Na koya masa ilimin ƙididdiga, ya haye da ƙyar, yau shi ke da ofis mai sanyi da direba, ni kuma ina gyara famfon banɗaki da kaina. Ya yi doguwar gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira. Wayar Auta a kashe take. Rahoton ayu yana hannunta. Kwamitin da zai yanke ko kamfanin tashar jiragen ruwa zai ci gaba da buga turakun ƙarfe a bakin kogi, inda ya shiga teku, zai zauna ranar Alhamis ta makon jibi. Idan ba ta kammala ba, zai miƙa daftarin da ke hannunsa, ya ba wani ɗalibi ragowar aikin.

"Ba da son raina ba, Malam," in ji shi.

Na ce na ji. Shekaru ta yi cikin laka da sauro saboda aikin nan. Shi za a ɗauka a ba wani yaro mai sabon takalmi.

Litinin, bayan la'asar

Na tambayi Umma yaya Auta take. Ta ce tana hutawa.

Talata, da safe

Kwamfutarta tana cikin kayan da mijinta ya sauke a falo. Na ce wa Umma ta tambaye ta ko zan iya buɗewa. Ta dawo ta ce, "Ta ce ka buɗe. Kalmar sirrin sunan kyanwarta ce ta lokacin firamare."

Ban san ta taɓa yin kyanwa ba. Umma ta dube ni ta saman tabarau, ta karɓi kwamfutar, ta danna haruffan da yatsa ɗaya, ta miƙo mini ba tare da ta faɗi sunan ba.

To ga abin da ke ciki. Ayu bakwai suka kama, suka ɗaura wa kowanne wata 'yar na'ura a gindin wutsiya, suka sake su. Na'urar tana rubuta zurfin da dabbar take, da motsinta, da duk sautin da ya iso kunnenta. Ni da na ɗauka ayu wani irin kifi ne. Ashe dabba ce mai shayarwa, jiki kamar buhun da aka cika aka ɗaure baki, tana kiwon ciyawa a ƙasan ruwa kamar saniya, kuma dole ta riƙa ɗago hanci tana shaƙar iska. Auta da abokan aikinta sun raɗa musu suna. Akwai Mai Tabo, wanda farfelar jirgi ta taɓa yanka a baya. Akwai Malalaci. Akwai Sarkin Yawo. Akwai wata mace da suka kira Mai Goyo.

Na sa abin saurare a kunne na kunna abin da na'urar Mai Tabo ta ɗauka. Da farko ba komai sai ƙas-ƙas kamar ana soya abu a nesa, da ƙarar tauna. Tauna sosai, kamar tsoho ya samu rake. Sai gudumar buga turakun ta sauka. Na fizge abin daga kunnena. Ban san ruwa yana ɗaukar ƙara haka ba. Ba a kunne kaɗai ka ji ta ba, har a haƙora.

Umma ta leƙo daga kicin. "Lafiya, Malam?"

Na ce ta zo ta ji. Ta ce ta ji isasshen abu a makon nan.

Alhamis, bayan azahar

Kwana biyu ina fama da manhajar lissafinsu. A zamaninmu sai ka san abin da kake yi kafin inji ya amsa maka. Yanzu inji yana amsa wa kowa, har wanda bai san me ya tambaya ba. Duk da haka dole in faɗi gaskiya, tsarin da Auta ta gina yana da kyau. Ya ma fi abin da na koyar.

Tambayar da suke son amsawa ta hana ni sukuni. Ta yaya za ka san dabba ta damu, alhali ba za ta gaya maka ba, ba ka ma ganin ta? Tsarin ba ya ganin ayu. Lambobi yake gani: nisan da ya yi, yawan kaɗa wutsiya, zurfi. Daga nan sai ya yi hasashen halin da yake ciki, ya jefa kowane ɗan lokaci cikin ɗaya daga kwanduna uku: kiwo, tafiya, hutawa. Sai a kwatanta kwandunan a lokacin shiru da lokacin guduma. Tunaninsu shi ne, in ƙara ta dame shi zai gudu, kwandon tafiya ya cika. Daftarin Farfesa ya ce kwandon tafiya bai cika ba. Saboda haka babu damuwa. Shafi da yawa, amma abin da suke faɗa ke nan.

Na yi wa Umma bayani muna shan shayi. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba, sannan ta ce, "Kai ma a ɗaura maka na'urar nan mu gani. Daga kujera zuwa tabarma, daga tabarma zuwa kujera. Kwando ɗaya ya ishe ka."

Na ce akwai kiwo.

"Da ƙorafi," in ji ta. "A ƙara kwandon ƙorafi."

Mun yi dariya, sai muka tuna, muka rage murya.

Juma'a, da yamma

Mijin Auta ya zo da ledar lemo. Ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota a hannu. Yaron ya rame. Ya ce, "Baba, ko ta ce wani abu?" Na ce tana hutawa. Ba ta fito ba.

Bayan ya tafi na ga Umma a kan kujera tana tura wata jaka shuɗiya can ƙuryar saman kabad. Jakar nan da suka yi wata guda suna cika ta da kayan jariri ita da Auta, suna ɗaga kowane abu suna dariyar ƙanƙantarsa. Na riƙe mata kujerar har ta sauko.

Lahadi, da hantsi

Na gano wani abu, ko kuma in ce Auta ta riga ta gano, ni na tarar da sawunta. A gefen jadawalin Mai Goyo ta sa alamar tambaya, ba ta rubuta komai ba. A lokacin guduma kwandon hutawar Mai Goyo ya ninka. Na duba sauran. Yawancinsu haka ne, hutawa tana ƙaruwa idan guduma ta fara.

Farfesa ya ga wannan shi ma, har ya yi murna da shi. A daftarinsa ya rubuta cewa dabbobin sun saba da ƙarar har suna hutawa a cikinta.

Wa ke barci a gindin guduma? Ni maƙwabcinmu in ya tayar da janareta sai in tashi in yi ta zagaye falo ina tsine wa wanda ya ƙera shi. Amma ni ba ayu ba ne. Wataƙila su daban ne. Wataƙila ƙarar tana sa su kasala. Ban sani ba, kuma na daɗe ban ji daɗin rashin sanin abu irin na yau ba.

Akwai wani layi a bayanan masu lura daga cikin jirgi. Kafin a fara buga turaku suna ganin Mai Goyo da ɗanta manne a gefenta. Bayan nan sun gan ta, ba su ga ɗan ba. Ruwan wurin duhu ne, ba a gani sosai. Rashin ganinsa ba ya nufin babu shi. Na rufe shafin.

Litinin, bayan magariba

Tiren abinci ya shiga, ya fito yadda ya shiga. Umma ta ce tana hutawa.

Talata, bayan la'asar

Farfesa ya zo da kansa, da katon na lemon kwalba wanda direbansa ya shigo da shi. Ya durƙusa ya gaishe da Umma, ya kira ta Mama. Ya yi tumbi. Amma har yanzu in zai yi mini magana sai ya gyara zaman hularsa, kamar lokacin da yake zuwa roƙon a sake duba masa takarda.

Na juya masa kwamfutar na nuna masa kwandon hutawa.

"Na gani, Malam. Ai shi ne hujjarmu."

"Hujjar me?"

"Cewa ba su damu ba."

"Kai ka gan su suna hutawa?"

"Tsarin ya nuna."

"Tsarin kwando uku aka ba shi. In ka ba shi akuya, cikin ukun nan zai jefa ta."

Ya yi murmushi irin na manya. "Malam ba ka canza ba."

"Kai ka canza. Da ba ka da direba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce in sa kaina a matsayinsa. Dabba bakwai kacal. Kamfanin yana da lauyoyi da nasu masanan. Idan ya tsaya gaban kwamiti ya ce jikinsa ya ba shi cewa ayu ba sa jin daɗi, za su yi masa dariya, su kuma rufe ƙofar bincike a bakin kogin gaba ɗaya. "Kai ka koya mana, Malam. Ka ce babban zunubin mai ƙididdiga shi ne ya ga abin da babu saboda yana son ya gan shi."

Na faɗa. Ban ɗauka yana saurare ba a lokacin. Abin haushi, gaskiya ya faɗa, kuma da bakina.

Ya ce idan akwai lissafin da zai tsaya da ƙafarsa, zai sa hannu. Amma Auta ce za ta gabatar, domin ita ta san ruwan, ita za a yi wa tambayoyi. Idan ba za ta iya ba, ba za ta iya ba, Allah ya sani ba laifinta ba ne. Da zai fita ya dubi baranda ya rage murya. "Yaya jikin nata?"

Umma ta riga ni. Kalmar dai ita ce.

Laraba, bayan azahar

Wuta ta ɗauke, fankoki suka tsaya, gidan ya yi tsit. Umma ta kwanta a falo. Na je ɗauko wani tsohon littafi, sai a bakin ƙofar na tuna ɗakin yanzu ba na littattafai ba ne. Na tsaya.

Na san barcin Auta. Tana ƙarama a kan cinyata take yin sa ina gyaran takardun jarrabawa, numfashi dogo, a hankali, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Abin da na ji ta bayan ƙofar nan ba shi ba ne. Gado bai yi ƙara ba, ba ta juya ba, ba motsi ko kaɗan. Amma numfashin gajere ne. Ta ja, ta riƙe, ta saki rabi, ta sake ja. Ba kuka ba ne. Da kuka ne da na san sunansa.

Na daɗe a tsaye da hannuna kusa da ƙofar. Ban ƙwanƙwasa ba.

Da na koma tebur batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa. Na buɗe layin zurfi na Mai Goyo, na fara duba ba inda ta je ba, sai yaushe take ɗago hanci.

Alhamis, da safe

Ga shi nan, a fili kamar tafin hannu.

Ayu in yana hutawa da gaske, a lokacin shiru, yana kwanciya a ƙasa ya daɗe, ya taso a hankali ya sha iska, ya koma. Layin zurfinsa kamar haƙoran zarto ne masu faɗi, duk tazararsu ɗaya. A lokacin guduma kuwa jikin bai motsa ba, wutsiya ba ta kaɗa ba, shi ya sa tsarin ya ce hutawa. Amma tasowar ta yi yawa, kuma ba tsari. Ya leƙo, ya nutse, ya sake leƙowa kafin lokaci. Tsarin bai ga wannan ba domin ba wanda ya ce masa ya ƙirga numfashi.

Ido yana ruɗin mai shi, na sani, don haka na yi abin da ya kamata. Na ɗauki lokutan hutawa na shiru, na yanka su gunduwa-gunduwa daidai tsawon lokutan guduma, na sa kwamfuta ta riƙa zaro su a makance sau dubbai tana tambaya: sau nawa dace kawai zai kawo numfashi gajere, maras tsari, irin wannan? Tsohuwar dabara ce, ta girmi Farfesa. A ayu biyar cikin bakwai, dace bai kusa kawo shi ba.

Na tashi na zagaye tebur. Na sake zama.

Me suke yi a ƙasan can? Suna saurare ne? Suna jiran ta wuce? Dabba mai irin wannan nauyi, ba ta da gudu, ba ta da ƙaho, ba ta da haƙorin cizo. Wataƙila abin da ta iya ke nan.

Asabar, da hantsi

Na ja kujera zuwa bakin ƙofarta na karanta mata sakamakon da ƙarfi, tun daga farko, har da lambobin. Na ce, "Auta, alamar tambayarki tana da gaskiya." Na mayar da kujerar.

Lahadi, bayan la'asar

Yau na taɓo Umma.

'Yar'uwarta ta kira, na ji tana ce mata Auta tana hutawa. Da ta ajiye wayar na ce, "Ki daina faɗin haka. Ba hutawa take yi ba."

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Me ka ce?"

Na fara yi mata bayanin numfashi. Ban kai rabi ba.

"Malam, da digirinka uku sai yau ka gano? Ni da nake shiga in tarar da ita ido biyu tana kallon silin, in fita in dawo in tarar da ita yadda na bar ta? Ka ɗauka ban san barci ba?"

"To me ya sa kike cewa..."

"In ce musu me? In maƙwabta sun zo, in dangin mijinta sun kira, in ce musu me? Kalma ce da ake rufe ƙofa da ita, don a ƙyale yarinya. Kowa ya san abin da take nufi. Kai kaɗai ka ɗauke ta da gaske, kai da injinka."

Ta ci gaba da yankan albasa da ƙarfi. Idonta yana zuba, amma albasa ce, haka muka bar shi.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Jiya da ka gama karatunka a bakin ƙofa ta tambaye ni ko ka ci abinci."

Litinin, bayan azahar

Ina zaune a falo ina gwada yadda zan yi wa Farfesa bayani, ina magana ni kaɗai kamar yadda nake yi kafin shiga aji. Na kai wurin da na ce na zaro gunduwoyin daga duk lokutan shiru, sai na ji murya a bayana.

"Daga duka?"

Tana tsaye a bakin baranda, ta dafa bango, sanye da tsohuwar rigar Umma. Fuskarta ta faɗa. Na yi kamar ban lura ba, na ce daga duka.

"Baba, ka manta da ruwa."

"Wane ruwa? Ai duk a ruwa suke."

"Ruwan bakin kogi yana cika yana ja, kullum, saboda teku. Kamfanin ba ya buga turaku sai ruwa ya ja, lokacin ne injinsu ke samun wurin tsayawa. In ruwa ya ja, ayu yana kusa da sama, dama can ya fi yawan ɗago hanci. Ka kwatanta guduma a ruwa kaɗan da shiru a ruwa mai yawa. Masanin kamfani zai cinye ka kafin ka zauna."

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwata. Teku a wurina lambobi ne a jere.

"Matsa," in ji ta.

Na matsa. Ta zauna a hankali, tana riƙe da gefen tebur, ta ja kwamfutar gabanta. Yatsunta suka fara gudu. Ta tace lokutan shiru, ta bar waɗanda ruwa ya ja kaɗai, ta sake sa injin ya zaro. Muka zauna muna kallon allo. Umma ta fito daga kicin, ta gan mu, ta koma da baya kamar wadda ta tarar da tsuntsu a taga.

Biyar ɗina suka koma uku. Malalaci ya fita, ashe shi ko da guduma ko babu haka yake. Wani ma ya fita. Mai Tabo ya tsaya. Sarkin Yawo ya tsaya. Mai Goyo ta tsaya, ta ma fi kowa nisa da dace.

Na ce uku cikin bakwai ba yawa.

"Uku na gaskiya ne," in ji ta. "Naka biyar ɗin na aro ne."

Shekara da shekaru ba wanda ya gyara mini lissafi. Na manta yadda abin yake da zafi, da kuma daɗi.

Talata, da yamma

Aiki tun safe. Ta gaji da wuri, ta kwanta a doguwar kujera tana faɗa ina rubutawa. Ta ce rubutuna na tsofaffi ne, kowace jimla da rawani. Ta ci rabin burodi.

Laraba, bayan la'asar

Mun ƙara wa tsarin kwando na huɗu, muka ba shi numfashi ya riƙa dubawa. Ya raba su tsaf, hutawa daban, wancan abin daban. Saura suna.

Na ce a kira shi firgita.

"A'a," in ji Auta. "Na'ura ba ta ga zuciyarsa ba. Kai ka ce kada a rubuta abin da ba a auna ba."

Kowa ya koma yana jifa na da maganata. Na ce to likimo.

"Likimo ai ƙarya ce, mutum ya yi kamar yana barci don ya yaudari wani. Ayu bai yaudari kowa ba. Mu muka yi masa mummunan karatu."

Umma tana ninke wanki a gefe, ta ce, "Lamo ya yi."

Muka dubi juna. Lamo. Ka kwanta shiru, ba motsi, ba barci ba, kana jin komai. Auta ta rubuta shi a kan jadawalin. Na ce kwamiti ba za su gane ba. Ta ce Farfesa ya fassara musu, ai an biya shi ya yi wani abu.

Ta aika masa rahoton. Bai daɗe ba ya kira, ya yi tambayoyi uku masu ma'ana, abin da ya ba ni mamaki, ya ce zai sa hannu.

Umma ta fita da wankin. Auta ta rufe kwamfutar ta bar tafin hannunta a kai. Ba ta dube ni ba.

"Namiji ne, Baba," ta ce. "Ba wanda ya tambaye ni."

Na nemi abin faɗa a duk abin da na karanta, ban samu ba. Na ce, "Da wa ya yi kama?"

"Goshinka ne. Duk wannan faɗin."

"Allah sarki," na ce. "Na tausaya masa."

Ta yi wani sauti, rabinsa dariya. Ragowar ta zo daga baya, ta kuma daɗe. Na bar hannuna a kanta har ta gama.

Alhamis, da safe

Ita ta kira mijinta da kanta ya zo ya kai ta. Ya iso tun kafin ta gama shiri, ya tsaya jikin mota yana goge gilashin da ba shi da datti. Umma ta bi ta har ƙofa tana cewa ta zauna in ta ji jiri, kada ta yi musu tsaye. Ta shiga gaba, ba baya ba.

Tebur ya yi fili. Ban san me zan yi da safiyar ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta kira daga mota.

Masanin kamfani ya tashi da maganar cika da jan ruwa, yana murmushi, ta buɗe masa shafin. Ya ce dabba uku ba hujja ba ce. Ta ce haka ne, shi ya sa ba ta ce a rufe tasha ba, ta ce dai ba wanda ya isa ya rubuta cewa ba su damu ba. Kwamiti ya dakatar da guduma a watannin da mata ke goyo, sauran watannin za a ci gaba, kuma ya ce a ɗaura wa ƙarin ayu na'ura a sake dubawa. Rabin abin da ya kamata. A ƙasar nan rabi ma sai an yi sa'a. Aikin yana hannunta, Farfesa ya faɗa a gaban kowa.

Ta ce wani dattijo a kwamitin ya tambayi wa ya tono wannan tsohuwar dabarar zaro gunduwoyi.

"Kika ce wa?"

"Na ce wani ɗan fansho ne a unguwarmu, ba shi da aikin yi."

Na ji mijinta yana dariya a gefe.

Ta ce likita ya ce sai wata mai zuwa za ta iya shiga jirgi. Za su buƙaci wanda zai zauna a gaba da agogo yana lura da hancin da ya leƙo, don a gwada da abin da na'ura ta rubuta. Aiki ne na zama, ba ya son wayo, sai haƙuri da rashin surutu. Ta ce ta san rabin sharuɗɗan sun fi ƙarfina.

Na ce ban iya iyo ba.

Ta ce ayu ma ba wani iyo ya iya ba, kuma ga shi nan yana rayuwa.

Na ce ta tambayi mai jirgin ko yana da rigar hana nutsewa daidai tsoho.